Sunan Kakata, Lambar Wayarsa

Sallama gare ku, 'yan'uwa masu bibiyar labarina. Saƙonninku na "Shahida ki yi haƙuri" duk na gani, na kuma gode. Amma ku adana haƙurin nan, ban san ranar da za ku buƙace shi a gidajenku ba. Ni dai yau ba labarin haƙuri na zo ba ku ba.

Waɗanda yau suka fara karatu, ku matso in gaya muku ko ni wace ce. Shekarata ashirin da shida, a Illela aka haife ni, a wani tsohon gida mai zaure biyu da ke bayan masallacin unguwarmu. Babana ya rasu ina aji uku a sakandare, ƙaninsa Baffa Sahabi mai fataucin albasa shi ke riƙe da gidan. Mahaifiyarsu, wato kakata, ita ce Inna Ramatu mai turare. Shekara arba'in ta yi tana haɗa turaren wuta a ɗakinta na ƙurya, har ta kai in za a kai amarya a Ƙonni ko Tawa ko Sakkwato, sai an tambaya ko an saya mata na Inna Ramatu. Ita ta koya wa Ummata, Umma ta koya mini. Da ta rasu shekara biyu da suka wuce ba ta bar mana gona ko shanu ba, sunan kawai ta bari, kuma da shi muke ci muke sha.

Sai kuma Abdulbaƙi. Mai shagon wayoyi ne a bakin tasha, dogo, mai son shadda ruwan toka da agogon da ya fi ƙarfin hannunsa. Shekara ɗaya da rabi yana zuwa zance wurina. Ba zan yi muku ƙarya ba, na so shi. Babu wanda ya tilasta mini, ni da kaina nake fesa turare in fita zaure ina rangwaɗa. An kuma tsayar da magana iyayensa za su kawo goron sa rana ranar Juma'a bayan an sauko masallaci.

To ranar Lahadin da ta gabaci Juma'ar nan, ranar kasuwarmu, muna tsakar gida ni da Umma muna tankaɗe gajiji, sai muka ji sallama da ƙarfi. Hajiya Ummukulsum ce daga Ƙonni, tsohuwar mai sayen turarenmu, wadda rabonmu da ita tun ta'aziyyar Inna. Ta sha lafaya shuɗiya, tana dogara sanda, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba ta dire wata kwalba a kan tabarma.

"Ku ji tsoron Allah," ta ce. "Tsohuwa ba ta daɗe cikin kabari ba, har kun hwara saida ma mutane garin katako?"

Umma ta miƙe tana gyara kallabi. "Hajiya, zamna ki sha ruwa. Mi yaf faru?"

"Ɗiyata anka kai ɗaki wancan sati. Dangin ango na zamne, anka zuba wanga ga wuta, ɗaki ya turnuƙe kamar an ƙona taya. Uwar ango har da tari. Ni da nike ta cika baki na Inna Ramatu na."

Na buɗe kwalbar na shinshina. Dusar katako ce aka toya da sukari har ya ƙone, aka yayyafa mata turaren kanti mai arha. Amma takardar da ke manne a jiki, sunan kakata ne a kai, an buga shi da ruwan zinare.

"Hajiya, wanga ba namu ba na," na ce.

"Ba naku ba na? To wanga hwa?" Ta zaro waya daga jaka ta dangwara mini. "Ƙahwa ta hana ni tahiya, direbana ni aika. Ya buɗe taswira ta waya, ta kai shi wani butik bakin tasha. Ga nimero nan, ya kira, wani mai zaƙin baki yac ce nan na."

Na karɓi wayar. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: Turaren Inna Ramatu, Illela. Ga hotunan kwalabenmu da ni na ɗauka da hannuna a kan dardumar Umma. Amma jar alamar da ke nuna wuri ba a unguwarmu take ba, tana can bakin tasha. Lambar wayar kuwa ko a mafarki aka tashe ni zan karanto ta, don ita ce ke kirana kullum bayan la'asar tana ce mini gimbiya.

Na gangara ƙasa inda mutane ke rubuta ra'ayinsu. Tauraro biyu cikin biyar. Wata daga Sakkwato ta rubuta, "Tun da tsohuwar ta rasu turaren ya mutu." Wata ta ce, "Jikokinta sun ci amanarta." Akwai na Faransanci guda uku, Hajiya ta fassara mini ɗaya, ta ce ma'anarsa kada kowa ya je. Na ajiye wayar a cinya.

Bari in gaya muku wautata, don kada wata ta maimaita. Bara war haka, muna zaune a zaure, Abdulbaƙi ya ce, "Gimbiya, zamani ya canza. Bari in sa ku ga taswira, baƙi su daina yawon tambaya." Na ji daɗi har da yi masa addu'a. Na tura masa hotuna, ya buɗe shafin da imel ɗinsa, aka turo wasu lambobi a wayarsa ya shigar, ya nuna mini alamar a daidai ƙofar gidanmu. Daga ranar ban ƙara dubawa ba. To don Allah wa ke neman gidansu a taswira? Ni da in an rufe mini ido zan kai kaina gida. Da baƙi suka ragu, Umma ta ce rufe iyaka ne da tsadar rayuwa, ni ma na yarda. Ashe wata uku kacal alamar ta yi a ƙofarmu, ya janye ta zuwa bayan shagonsa.

Da Hajiya ta fahimci yadda abin yake, jikinta ya yi sanyi. Ta ba ni lambarta ta ce duk abin da nake so in kira ta. Tana fita na juyo ga Umma, ina jiran in ga ta ɗauki mayafi ta nufi sashen Baffa. Sai na ga ta koma ta zauna ta ɗauki rariya.

"Umma, ba ki ji abin da ni ji ba?"

"Na ji. Ki rufe bakinki har Juma'a ta wuce."

"Umma!"

"Shahida, mutum nawa kinka kora? Na Kalmalo kin ce warin kihi, malamin makaranta kin ce ba shi dariya. Baffanki ya gaya ma duk abokan kasuwatai. Wataƙila yaron wasu sunka ruɗe shi. In an yi aure ki gyara shi a ɗaki, sana'ar ai ta zama taku ku biyu."

Na san tsoronta. Mace ce da miji ya rasu ya bar ta a gidan dangi da 'ya mace ɗaya, kuma duk bikin da ta je sai an tambaye ta yaushe ne nata. Ban yi mata musu ba. Na ce to, na ɗauki hijabina na nufi shagon ɗinkin aminiyata Na'ima, don na san ita da kanta ta sa shagonta a taswira.

Na'ima ta saurare ni almakashi a hannu. Da na gama ta ce, "Kada mu zalunce shi, bari mu gwada shi tukuna." Ta ɗauki wayarta ta sana'a wadda bai san lambar ba, ta rubuta masa: "Salamu alaikum, daga Sakkwato nake. Nan ne gidan Inna Ramatu? Na ji an ce ta rasu, wa ke haɗawa yanzu?"

Ko minti biyu ba a yi ba saƙon murya ya shigo. Muryar nan dai da nake kwana da ita a kunne.

"Hajiya barka da rana, nan na. Allah ya jiƙan Inna, ni ta bar ma sirrin haɗin, da hannunta ta koya min. Akwai wata surukarta can cikin gari da ka ƙoƙarin kwaikwayo, amma ba ta iya komi ba, tun tsohuwa na da rai wanke-wanke kawai taka yi mata. Kada ki bari a kai ki can."

Wallahi ban yi kuka ba. Amma tun daga lokacin son da nake yi masa ban san inda ya shiga ba. Ummata, wadda zafin sukari ya ƙona wa yatsu har ba ta jin ɗumin kofi, ita ce mai wanke-wanke.

"Na'ima, yadda za a yi in ƙwace shi nika so ki gaya min."

Ta jawo kujera. Ta ce a jikin shafin akwai wurin da aka rubuta ko kai ne mai wannan sana'a. In na danna da imel ɗina, kamfanin taswirar zai aika wa wanda ke riƙe da shafin saƙo cewa ga wata na neman mallaka. Kwana uku ake ba shi. In ya ƙi, sai an shiga dogon ƙorafi. In kuwa bai ce komai ba har kwana ukun suka cika, ana iya buɗe mini hanya in tabbatar da cewa wurin nawa ne.

"Matsalar ita ce mutumin ga waya ce sana'atai," ta ce. "Saƙon na shiga zai gani."

Sai na ji dariya ta kubce mini, har Na'ima ta tsorata. Gobe Litinin Abdulbaƙi zai tafi Tawa sayo kaya, sai Alhamis zai dawo. Kuma ni na san shi. Yana ƙetare iyaka yake cire layinsa ya sa na Nijar, kuma ko za a yanka shi ba ya sayen data da sefa. Sau nawa yana ce mini, "Gimbiya, ki yi haƙuri da ni kwana ukun ga, data can tsada kamar zinari." Rowar da nake yi wa uzuri shekara guda, ita ce yau za ta yi mini aiki.

Da safiyar Litinin ya turo: "Gimbiyata, ga ni bakin iyaka. Mi za a sawo miki?"

Na rubuta: "Kai dai ka dawo lahiya, ya ishe ni." Har da hoton zuciya na sa masa, Allah ya yafe mini.

Na zauna ina kallon sunansa har na ga ya sauka daga layi. Na ƙara masa rabin awa don kada a yi kuskure. Ƙarfe goma da kwata daidai na danna neman mallaka, na cika sunana da lambata, na aika.

Akwai sauran aiki. Na'ima ta ce tabbatarwar da bidiyo ake yi, kuma dole a ga allon suna a ƙofa. Mu kuwa allo bai taɓa hawa ƙofarmu ba. Inna cewa take wanda bai san gidan ba ya tambayi mata a hanya. Rubutu ɗaya ne a bangon zaurenmu, "Ba a shiga," shi ma fentin ya koɗe. Na je wurin mai rubutun allo na kusa da asibiti, ya yi mini kore da farin rubutu, aka kafa shi ranar Talata. Baffa ya tsaya yana kallonsa, hannu a baya, yana murmushi.

"Dabarar Abdulbaƙi ta ko? Yaron ga akwai kai."

"Awo, Baffa," na ce, na shige ciki da sauri.

Ranar Laraba da azahar ina cikin soya itacen hawi na haɗin turare sai wata lambar Nijar ta shigo. Na ɗauka, ashe shi ne.

"Gimbiya, albishirinki. Na gama da wuri. Yanzu za ni tasha, in sha Allahu da la'asar ina Illela."

Saura awa ashirin da wani abu. Yana shigowa gari zai mayar da layinsa, saƙon ya faɗo, ya danna ƙi, shi ke nan. Na tsaya da ludayi a hannu, hayaƙi na shiga mini ido. Sai na ji kaina ina cewa, "Kai, Allah ya kawo ka. Dama Umma na neman wanda za ta aika. Akwai saƙonta wurin wata Hajiya nan Tawa, cuku da dabino na baƙin Juma'a, amma sai gobe da hantsi za ya haɗu."

Na ji yadda ransa bai so ba, har numfashinsa ya canza. Amma ku gaya mini, wane saurayi ne a garin nan zai ce wa uwar yarinya a'a, saura kwana biyu a kawo goronsa?

"Ba komi," ya ce. "Aiken Umma ai dole na."

Yana kashewa na kira Hajiya Ummukulsum. Ban gama bayani ba ta katse ni. "Ƙanwata na Tawa. Za ta ba shi cuku, za ta ba shi dabino, kuma ba ya barin gidan sai ya ci abincin rana. Bar min shi."

Alhamis na yi wanka tun da sassafe, na sa atamfata mai ganyen kuka da hijabi ruwan ƙasa, na caja waya har ta cika, na sayi data mai yawa. Goma da kwata ta yi, na duba, babu komai. Goma da rabi, babu komai. Na fara tunanin ko ya samu intanet a gidan mutane ya gani. Sai sha ɗaya saura saƙo ya shigo imel ɗina, cewa mai riƙe da shafin bai amsa ba, zan iya ci gaba da tabbatarwa.

Na karanta sharuɗɗan sau uku. Bidiyo ɗaya ne ba yankewa. A nuna titi da abin da ke kusa, a nuna allo, a nuna kayan aiki, sannan a nuna abin da mai wuri kaɗai ke iya yi, kamar buɗe ɗakin ajiya da makulli. Kada a nuna fuskar kowa. A nan na tsaya cak, domin ɗakin ajiyarmu shi ne ɗakin Inna, makullinsa kuma yana ɗaure a bakin zanen Umma tun ranar da aka fita da gawa.

Na same ta a gindin murhu tana tsince shinkafa.

"Umma, makullin ɗakin Inna nika so."

Ta ɗago ta dubi wayar, ta dubi hijabin, ta gane. "Na ce ki bari Juma'a ta wuce."

"In ta wuce, shi ke nan, Umma."

"Ba ni ba ki. Kina so a ce ɗiyata ta kori na ukku?"

Ban so in yi mata haka ba, Allah ya sani. Kwana huɗu ina ɓoye mata saƙon muryar nan don na san inda zai taɓa. Na durƙusa a gabanta, na ajiye wayar a kan faifai, na kunna.

Ta saurara har ƙarshe. Da aka zo wurin wanke-wanke sai na ga hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Ummata ba ta taɓa kiran sunan Inna ba, shekara talatin, saboda kunyar suruka. Ko mai saye ya tambaya, sai dai ta ce turaren tsohuwa. Ita da ba ta iya furta sunan, ga wani ƙato can yana tallan dusa da shi.

"Sake kunnawa," ta ce.

Na sake. Ta kakkaɓe hannunta, ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane.

"Je ki hwaro daga waje. Ina bakin ƙohwa."

Na fita titi. Masu wucewa na kallona, wani mai kabu-kabu har ya rage gudu. Na danna ɗauka. Na nuna hasumiyar masallaci, na nuna bishiyar darbejiya da shagon mai niƙa, na juyo kan koren allonmu na tsaya har na ƙirga biyar. Na shiga zaure na farko, inda ya yi shekara da rabi yana zama yana shan zoɓona. Na wuce zaure na biyu, wanda ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba kuma ba za ta taka ba. Na nuna murhu, da baƙar tukunyar narka sukari, da turmin dakan farcen turare, da kaskon gwaji yana hayaƙi. Da na iso ƙofar ɗakin Inna na saukar da wayar ƙasa-ƙasa, hannun Umma kawai ya fito, da lallensa da tabon ƙunarsa. Ta zura makulli ta murɗa. Ƙofar ta buɗe, ga kwalabe jere a kan kanta, kowace da ranar da aka rufe ta, suna jiran kwana arba'in ɗinsu su cika. Ƙamshin ya buso har sai da idona ya kawo ruwa. Minti biyu ba kaɗan, na tsayar na aika.

Aka rubuto cewa dubawa na iya kai kwana biyar. Kwana biyar, ni kuwa kwana ɗaya gare ni.

Da la'asar ya iso, ya aiko da cuku da dabino, ya turo saƙo: "Na gaji, Gimbiya, Hajiyar ga ta cika ni da tuwo. Gobe war haka kin zama tawa." Ya mayar da layinsa, amma da alama zumuɗin gobe bai bar shi ya leƙa imel ba. Na amsa masa da "Allah ya kai mu."

Juma'a gida ya cika da ƙamshin waina da miyar taushe. Umma ta goge mini leshina ruwan zuma, ta ce in sa, na sa. Ba ta ce mini komai a kan jiya ba, ni ma ban tambaye ta abin da ke ranta ba. Ina zaune a bakin gado, waya a tafin hannu, ina dubawa kamar mai jiran sakamakon asibiti. Aka sauko masallaci. Na ji motoci biyu sun tsaya, na ji sallamar dattawa, na ji Baffa yana "Maraba, maraba, ku shigo daga ciki." Aka shigo da ƙwaryar goro da katan ɗin alewa aka ajiye a tsakar gida don mata su gani.

Ƙarfe uku saura minti goma wayata ta yi ƙara. An tabbatar. Shafin Turaren Inna Ramatu ya dawo hannuna.

Ban ɓata ko daƙiƙa ba. Na goge lambarsa na sa tawa. Na kama jar alamar da yatsa, na jawo ta daga bakin tasha, ta bi ta kasuwa, ta wuce asibiti, na dire ta a ƙofar gidanmu. Sannan na rubuta sanarwa a saman shafin, inda kowa zai fara gani: "Shagon bakin tasha ba namu ba ne, bai taɓa zama namu ba. Duk wadda aka sayar wa turare a can da sunan Inna Ramatu, ta kawo kwalbar gidanmu mu sauya mata da na gaskiya. Mai shagon kuma kun san fuskarsa." Na bi matar nan da ta ce mun ci amanar kakarmu, na amsa mata da hannuna.

Ina gamawa Baffa ya shigo tsakar gida, babbar rigarsa fara tana ƙarar sitaci, fuskarsa cike da fara'a. Ya tsaya nesa kaɗan da Umma kamar yadda ya saba.

"To, sun nemi wata biyu bayan Sallah. Na ce bari in ji ta bakinku, don a cika al'ada."

Umma na zaune a kan kujera 'yar tsugune. Ba ta ɗaga kai ba.

"Alhaji, a maida musu goronsu."

Baffa ya yi kamar bai ji ba. "Mi kinka ce?"

"A maida musu."

Fara'ar ta ɓace. Ya juyo gare ni, idonsa ya kaɗa. "Ke Shahida, wanga aikinki na. Dattawa takwas na zamne zaurena. Ni za ki kunyata cikin garin ga? In ba ki ba ni dalili ba yanzun ga, wallahi da ke da uwarki..."

Wayata ta katse shi. Abdulbaƙi. Ashe ya gani. Na dubi Baffa, na dubi Umma, na ɗauka na buɗe muryar yadda kowa zai ji, na ajiye a kan murfin ƙwaryar goron.

"Shahida, mi kinka yi?" Babu gimbiya yau. "Ke har kin isa? Wa ya san ku kahin ni? Tsohuwa ta mutu, sunanta na nan yashe cikin ƙura, ni na ɗauke shi na yi mai daraja. Ki maido min shafina yanzu-yanzu. Ke kina zaton don kyawunki nike jele gidanku? In ba don sunan tsohuwar ga ba, mi za ni yi da ke, kin tsuhwa gida?"

Na zaci maganar za ta yi mini ciwo. Ta yi, ba zan ɓoye muku ba, har yau in na tuna sai na ji ta. Amma a lokacin idona na kan Baffa. Mutumin da har gobe in ya wuce ƙofar ɗakin Inna sai ya rage murya.

Ya sunkuya ya ɗauki wayar da kansa.

"Abdulbaƙi."

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Sahabi na, ɗan tsohuwar da kac ce ta mutu."

"Baffa... Baffa, wallahi ba haka..."

Baffa bai saurare shi ba. Ya miƙo mini wayar, ya gyara zaman hularsa, ya naɗe hannun riga. Bai kira kowa ya ɗaukar masa ba, shi da kansa ya rungumi ƙwaryar goron ya ɗora katan ɗin alewa a kai. Ya yi taku uku zuwa zaure, sannan ya waiwayo.

"Biyo ni da wayar ga har bakin ƙohwa," ya ce. "Kada ki kashe. Ina so shi ji da kunnenai yadda aka maida goro."